Takalmana a Ƙafar Kawu

Zuwa ga Sarkin Dawa, Garkuwan Maharba, Yaya Sani,

Bayan gaisuwar ban girma, ya Inna, ya iyali da karnukanka?

Ƙara na kawo gabanka. Yanyawa ta sauko daga dutsen Ka'akiyya, unguwarmu a nan ƙasa mai tsarki, ta cinye mini tantabaru uku. Na haɗa tarko, danƙo da takalma masu kauri, yadda ka koya mini. Kawu ya tare ni ya ce, "A cikin Harami za ka yi farauta? Nan ko tsuntsu ba a razanawa." Ya ƙwace komai, azzalumar kuwa tana yawonta.

Na yafe tarkon, amma takalman da su yake zuwa kasuwa. Ka sa ni a addu'a, ka gaida kowa. Sannan don Allah ka kira shi ya dawo da su, domin da silifas ɗin banɗaki nake zuwa makaranta.

Ƙaninka da aka zalunta,
Bashir