Kututture Arba'in da Biyu

Goggo, don Allah ki agaza mini da shawara, baƙin ciki na neman ya kayar da ni.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana lambu a bakin titi, bishiyar mangwaro arba'in da biyu, kowacce shi ya dasa ta da hannunsa. Da su Mama take riƙe kanta, duk shekara wani ɗan sari yakan zo da mota ya saye 'ya'yan tun suna kore. Kwatsam sai ga takarda, wai hukuma za ta faɗaɗa titi, lambun ya shiga ciki, za a biya diyya. Ba mu ja ba, hanya ai ta kowa ce.

To yayana direba ne, zuciyarsa a kusa take. Ya rantse ba mai cin gumin Baba a banza. Bai shawarci kowa ba ya ɗauko masu inji, kwana biyu suka kwantar da bishiyoyin nan kaf, ya sayar wa gidan burodi itacen. Ashe, Goggo, ɗai-ɗai ake ƙirga bishiya wajen diyya! Bayan mako guda ma'aikata suka iso da igiyar awo. Ko minti goma ba su yi ba, wani mai tabarau ya rubuta wai fili ne fetal. Ina nuna masa kututture ɗanyu shataf, yana ce mini shi abin da ke tsaye yake rubutawa. Kai, jama'a! Daga sama suka faɗo? Abin da aka yanka mana ko cinikin shekara biyu bai kai ba. Maƙwabcinmu mai bishiya tara ya ninka mu.

Sau biyar ina zuwa ofishinsu. Benci ɗaya, fanka a mace, akawu na latsa waya yana cewa in dawo gobe. Yanzu sun ba Mama zuwa ƙarshen wata ta sa hannu, ita kuma ta ce za ta dangwala kowa ya huta, ba za ta tona wa ɗanta asiri ba. Shi gogan kunya ta hana shi shigowa gida, ni ma na daina gaishe shi. Jiya na ji wai yana neman masu gawayi su tumɓuke kututturen, don Mama ta daina ganinsu tana kuka. In ta sa hannu, da me za ta ci?

'Yar Mai Lambu

'Yata, raina ya ɓaci da na karanta. Wanda aka karɓi ƙasarsa don amfanin jama'a haƙƙinsa ake biyansa, ba sadaka ba, kuma awon minti goma a lambun da mutum ya ƙarar da rayuwarsa a ciki cin fuska ne.

Amma zan gaya miki gaskiya. Ma'aikacin nan bai tarar da bishiya ba, kuma yayanki ya ci kuɗin itace, za su iya kafa hujja da wannan. Wataƙila ba za ku samu duka ba. Sai dai ranar da takardarsu ta iso, bishiyoyin suna tsaye, a nan ƙarfinku yake.

Kada Mama ta dangwala komai. Ki faɗa mata neman haƙƙi ba tonon asiri ba ne. Ku rubuta ƙorafi kafin wa'adi, a buga muku hatimi a kan kwafinku, ku daina zaman benci hannu rabbana. Ku nuna wa lauya takardun, akwai masu taimakon marasa ƙarfi. Ɗan sarin nan da maƙwabci shaidu ne, ku haɗa da tsofaffin hotunan lambun.

Yayanki ya tafka wauta, amma zafin rashin Baba ne ya ingiza shi. Ki je ki same shi yau, ba gobe ba, kafin ya tafka ta biyu. Kututturen nan su kaɗai suka rage a cikin lambun masu yi wa Baba shaida, in suka zama gawayi magana ta ƙare. Ki miƙa masa fenti da waya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya sa lamba, ya ɗauki hoto. Shi ya sare su, shi zai ƙirga su har arba'in da biyu.

Allah ya fito muku da haƙƙinku, ya sanyaya zuciyar Mama.

Goggo