Bardo a Gindin Gamba

Kebbe, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Batula,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya zafin Tambuwal? Ya ƙafar taki, ta yi sauƙi?

Saƙonki ya iso cewa in je in gaida Dikko. Yaya, ki yi haƙuri, ba ni zuwa. Wata bakwai ke nan tun rabon gonar Baba, ko sallama ba ta haɗa mu. Na san yayana ne, amma ai babba juji ne. Layin gambar nan da Baba ya dasa, wanda ya zama iyakarmu, ya ce nashi ne duka. Da kaka ya yanke ta ya yi zana, bai ce mini uffan ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Ba ni ɓoye miki, shekaranjiya wajen sharar gona na yi niyyar sa wa gambar wuta, kowa ya rasa. Na tara kara, ashana tana hannuna, sai bardo ya tashi fir daga ƙafata. Ko da na duba, ga ƙwai biyu a ƙasa, gindin gamba, bisa 'yan tsinkaye da ba su isa a kira su sheƙa ba. Na daɗe tsaye, daga baya na mayar da ashana aljihu. Ba don Dikko na fasa ba, kada ki fara murna.

Abin da nika tsoro, shi ma gobe ko jibi zai ƙona tashi gonar, iska kuwa daga wajensa take busowa.

Ki gaida kowa.
Ƙanenki, Sirajo

Kebbe, 13 ga Afrilu

Yaya Batula,

Ina gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya. Kwana fuɗu kacal ga wata takardar, za ki ce Sirajo ya rasa aikin yi.

Jiya da safe na ɗauki fartanya don in share kewayen sheƙar kada wuta ta kai gare ta. Na makara. Na iske gonar Dikko ta ƙone baƙi ƙirin. Amma wutar ta tsaya taku uku kafin gamba. An share ƙasa tas, an kewaye wurin, har ta cikin gonata da ya rantse ba zai sake takawa ba. Saran fartanyar na bahago ne. Mu uku Inna ta haifa, kin san wane ne bahago.

Bardo yana nan kwance abinsa, ƙwai ɗaya ma ya fashe, ga ɗan tsako jajir.

Na zauna a ƙasa, wallahi sai da na yi hawaye. Wuri ɗaya muka zo ni da shi, Yaya. Shi ya zo da fartanya, ni da ashana na fara zuwa.

Gobe in an sauko Jumma'a zan tafi gidansa. Ban san me zan ce ba, ki sa ni a addu'a.

Naki har kullum,
Sirajo