Kuɗin Lalita Ba Ya Buɗe Ƙofa a Dubai

Zuwa ga uwargidana, Kaka Tabawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta maigida ga matarsa ta fari, ina fatan makwanci ya yi miki yalwa. Mijinki ne, Sabi'u, daga Dubai. Shekara biyu ke nan da kika yi yajin da ba a biko, ban taɓa rubuto miki ba sai yau da aka taɓa sunanki. Na san ba ki karanta boko, ni ma a waya na tsinci harufansa. Masu leƙe ta kafaɗata su karanta, ai har da su nake.

Kin san Yaya Auwalu, jikanki mai digiri, shi ya kawo ni garin nan, a ɗakinsa nake kwana a unguwar Hor Al Anz, kuma shi ya yi mini hanyar biza. Da rana ina ɗaure kaya a wani kago, wato shagon aika kaya gida, a kasuwar Naif. To ya rantse ba zai sake sa hannu a maganar bizata ba, idan ta ƙare ƙarshen wata in tattara in koma Kano. Ba zan ɓoye miki ba, ni na tsokano.

Surukarsa ce ta zo sarin kaya, Hajiya Balaraba. Shi yana ofis, ga kuma kunya, sai ya aike ni filin jirgi in ɗauko ta. Kaka, da na gan ta sai na ga ke. Dalolinta na cikin lalita ƙarƙashin zane, tana tafiya hannu ɗaya a ƙugu. Ba ta san garin ya canja ba tun da korona ta shigo. Bas dama ba ya karɓar kuɗin takarda. Mota a waya ake kiranta. Wuraren shan shayi ma wasu sun kafa takarda wai kati suka fi so. Katin bankinta na gida kuwa, ta kara shi sau uku, na'ura ta yi mata jan ido sau uku. A Naif kaɗai kuɗin hannu yake da sauran sarauta, kuma kafin a kai Naif ai sai an hau wani abu.

Na saya mata katin jirgin ƙasa, na ɓoye shi a tafin hannuna. Da muka zo ƙofar gilashin shiga tasha na ce mata ƙofar Musulma ce, sai an yi mata sallama take buɗewa. Ta gyara takunkumi ta rangaɗa sallama, ni kuma na kara kati ta baya, ƙofa ta wangale. Ta yi kabbara. Abin da ban lissafa ba, wurin fita ta riga ni gaba. Na tarar da ita tsaye tana sallama ta huɗu, mutane sun yi layi a bayanta, wani ɗan Filifin yana neman taimaka mata.

Na yi dariya, na kuma ba ta haƙuri har da durƙuso. Amma labari ya riga ni isa gida.

Faɗan Yaya na shanye shi, don na cancanta. Abin da ban shanye ba shi ne da ya ce ba laifina ba ne, laifin tsohuwar da ta hana a sa ni boko ne. Wai kin cuce ni. Wai garin da komai a rubuce yake a jikin na'ura ba na ɗan allo ba ne, wata rana zan danna abin da zai kai ni ofishin 'yan sanda. A gaban abokan ɗakinsa ya faɗa. Ya manta tuwon wa ya ci ya yi digirin.

Kwana shida bayan nan tafiyarta ta matso, kuma ba a hawa jirgi sai da takardar gwajin korona. Na raka ta wurin gwaji da hantsi. A bakin ƙofa na'ura ce tsaye, a jikinta ake cike suna a biya. Hajiya ta juya baya ta kwance lalita, ma'aikaciyar ta girgiza kai ta nuna na'ura. Muka kira Yaya, yana taro, waya a kashe. In ba a yi gwajin a ranar ba, tikiti ya tashi a banza, ga kayanta sun riga sun tafi kago.

Turancin jikin na'urar ya yi mini kamar sawun kaji. Sai na hango a kusurwa wasu harufa da na san fuskarsu tun ina ɗan shekara biyar. Na danna. Kaka, allon gaba ɗaya ya juye ya koma daga dama zuwa hagu. Ba wasali, kuma ba duka na gane ba, kada in yi miki ƙarya. Amma na sa yatsa ƙarƙashin layi yadda Malam yake sa mu a makarantar allo, na bi baƙi baƙi. Na gane wurin suna. Na gane wurin lambar fasfo. Inda na kakare na karanta wa wani mai gadi ɗan Sudan da ƙarfi, ya yi dariyar yadda nake ja kamar mai tilawa, ya nuna mini. Na kara katin albashina, na'ura ta yi kore. Hajiya ta damƙa mini takardun kuɗinta masu ɗumin jiki, ta ce Allah Ya ji ƙan wadda ta rene ni.

Ita ta baza labarin a masaukinsu. Yanzu duk Hajiyar da ta sauka da lalita lambata take nema. Ni nake saya musu katin hawa, ni nake kira musu mota, in kara nawa su ba ni takarda. Na daina sa su sallama, sai dai wadda ta cika tsiwa. Mai kagonmu ya ga kayansu duk wurinsa suke zuwa, jiya ya karɓi fasfona ya ce bizar a wuyansa take.

Yaya bai ce komai ba har yanzu. Ba na jiran ya ce. Na kama hayar gado a wani ɗaki a unguwar Satwa, ranar Juma'a zan kwashe kayana, zan kuma gaishe shi da ladabi kafin in fita, don ke kika koya mini. Amma Kano ba yanzu ba. Duk wanda zai sake cewa kin cuce ni, ya zo Naif ya faɗa a gabana.

Ina kewarki, tsohuwa. Har masifarki nake kewa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya sa kowane harafin da na karanta ya zama nauyi a mizaninki. Ya haɗa mu a Aljanna, in ci gaba da tsokanarki inda na tsaya.

Naki har gobe,
Maigida Sabi'u, Naif.