Ranar da Baba Ya Tsayar da Jirgin Garma

Tashar Brackenby, Canterbury.
Talata, 14 ga Agusta, 1956.

Zuwa ga Yayana Lindsay,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Beryl da yara. Ina roƙon Allah ya ƙara muku lafiya, ya kuma raba ka da ciwon bayan nan da ka ce ya addabe ka. Takardarka ta watan Yuni ta iso, har da hoton da kuka ɗauka a bakin teku a Brisbane, kai da 'yar shimi wai a tsakiyar lokacin sanyi. Na nuna wa maigidana Merv, ya ce in tambaye ka ko har yanzu kana tune da gefen da ake riƙe shebur. Mu nan lafiya, gwargwadon hali. 'Yarmu Glenys tana can makarantar kwana a Christchurch, ta rubuto wai abincinsu ba ya ciyuwa, amma a takarda ɗaya take cewa siket ya matse ta, sai ka auna da kanka. Merv ma ƙalau yake, in ban da yatsunsa da sanyi ya farfasa. Saura Baba, kuma maganarsa ce ta zaunar da ni rubutu yau.

Yaya, na daɗe ina rage maka zance. Duk sanda na rubuta cewa Baba yana ɗan mantuwa, abin ya wuce nan nesa ba kusa ba. Tun rasuwar Mama kansa ya koma baya da shekara ashirin. A wajensa har gobe shi ne heluman ma'aikatan layin dogon nan, Merv kuwa, da ya gaje shi shekara tara da suka wuce, yake kuma auren 'yarsa, sunansa sabon yaron nan. In gari ya yi kyau Baba ba shi da matsala, yana zaune bakin murhu yana ƙirga taragon duk jirgin da ya wuce. Amma da ƙanƙara ta fara sauka sai ya miƙe yana neman takalmansa, wai zai taka yankinsa na layi ya duba shi kafin jirgin farko. Sai na riƙa ɓoye takalman a bayan buhun fulawa. Don ya samu abin yi kuma, na sauko masa da tsohuwar jakarsa ta fata, wadda tutocinsa na aikin layi suke ciki, ya buɗe su ya naɗe, ya sake buɗewa. A ƙasan jakar akwai wani gwangwanin taba. Na ɗauka lambobin yabonsa ne na yaƙi a ciki, ban taɓa buɗewa ba. Ni na miƙa masa jakar da hannuna, ka riƙe wannan kafin ka ɗora wa kowa laifi.

Ƙanƙarar ta fara ranar Alhamis da ta wuce, ta kwana uku tana zuba da iska mai yanka kunne. Tun muna yara ban ga irinta ba. Babban tsagin nan na sama da tasha, inda layi ya ratsa cikin tudu, ya cika har baki, ba ka gane inda tudu ya ƙare. Merv da mutanensa huɗu suka yi ta sharar mahaɗar layi suna ƙona tsumma da kananzir don ƙarafa su saki, su juya baya ta sake rufewa. Ranar Asabar aka bugo waya daga ƙasa cewa jirgin garma, mai ture ƙanƙara daga kan layi, zai hau Lahadi da safe, kan jirgi biyu a haɗe. Ba sai na gaya maka yadda ake yi ba, kai ɗan Alec Tulloch. Daga shimfiɗe suke ɗauko gudu, su daki ƙanƙarar da ƙarfi ɗaya su ratsa, direba ba ya ganin komai sai fari, dogaronsa kawai an tabbatar masa ba kowa a kan layi. In ya tsaya a hawan nan, ya tsaya ke nan. Merv da kansa ya buga waya ya ce layi ba kowa.

Ranar Lahadi da hantsi na bar Baba yana shan kununsa, na fita rumfa ɗebo kwal. Sai da na haƙa ƙofar rumfar kafin ta buɗu, abin bai fi minti ashirin ba. Na dawo na tarar da kwano a kan tebur, babu Baba, babu jaka, babu kuma tsofaffin takalman Merv da ke bayan ƙofa. Na bi sawunsa ina kira, ƙanƙara har cinya, in tako ɗaya in faɗi biyu. Ina cikin haka na ji usur ɗin jirgi daga ƙasa. Yaya, ban san na iya addu'a haka ba. Can sai na ji fashewa sau uku a jere, irin wadda muka sani tun muna ƙanana, sannan ƙarar birki. Ashe abin da ke cikin gwangwanin nan 'yan nakiyoyin gargaɗi ne, waɗanda ake ɗaura wa ƙarfen dogo don direba ya taka ya san akwai mutane a gaba. Baba ya share ƙarfen da hannunsa a inda iska ta rage ƙanƙarar, ya ɗaura su uku a tazarar da doka ta ce, ya je ya tsaya a bakin tsagin da jar tuta. Clarrie Rutledge ne ke tuƙi. Ya ja birki kamar yadda kowane direba zai yi, hancin garmar ya tsaya bai fi taku goma daga ƙirjin Baba ba.

Clarrie ya gaya min daga baya cewa ya sauko da niyyar ya zagi uwar wanda ya yi wannan aiki, sai ya ga wanda yake tsaye. Baba kuwa shi ya fara faɗa. Ya ce masa kai Rutledge, gidan ubanka za ka da wannan gudu, ba ka san mutanena suna cikin tsagi suna haƙa ba? Ya lissafa su da suna, Ossie Gunn da Hec Mulvaney da sauransu, ya ce Ossie kurma ne, ko ƙaho aka busa masa a kunne ba zai kauce ba. Yaya, kai da kanka ka ɗauki gawar Ossie kafin ka tafi Ostireliya, Hec kuma ya bi shi bayan shekara biyu. Clarrie ya cire hularsa a cikin wannan sanyi ya ce tuba yake, heluma, ba a gaya masa ba ne. Na iso ina haki, Baba ya dube ni ya ce in koma gida in ɗora buta, mutane za su sha shayi.

Abin da ya biyo baya ka san shi. Jirgin ya kasa tashi a hawan, iska ta cike bayansa da ƙanƙara, ruwan tukunyarsa ya yi ƙasa har aka kashe wuta. Yanzu kan jirgi biyu ne a maƙale, kuma da shebur za a tono su. An turo leburori talatin daga ƙasa, sun hau a ƙafa. A bayan garmar akwai jirgin ciyawa da makiyayan sama suke jira, ga tumakinsu a binne suna mutuwa, kowace safiya sai na ji sabon adadi. Ba wanda ya zarge ni a fili, kuma hakan ya fi min zagi ciwo. Ni kaina ban san me zan ce ba, domin nakiyoyin da suka jawo mana wannan masifa su ne suka sa ba gawar Baba nake ba ka labari ba.

Sufeton layi, Mista Haldane, ya iso jiya ya zauna a kicin ɗina. Ka tuna shi, a hannun Baba ya koyi riƙe guduma. Ya sha shayi, ya gaida Baba da ladabi, sannan ya ja ni gefe. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Ya ce gidan nan na hukuma ne, taku ashirin ne tsakaninsa da layi, kuma ba zai iya sake barin wani direba ya daki tsagi da ransa a hannu alhali Baba yana nan ba. Ko dai Baba ya sauka a jirgin farko zuwa gidan tsofaffi na coci a Christchurch, inda ya riga ya nema masa gado, ko kuma mu kwashe mu duka, Merv ya bar aikin da bai san wani ba. Na roƙe shi. Na ce zan sa kwaɗo, zan ɗaura ƙararrawa a ƙofa, zan daina fita ko rumfa. Ya tambaye ni a hankali ko zan daina barci ma. Merv ya ce hukuncin nawa ne, kuma na ji haushinsa a kan wannan alherin. Kai ma na ji haushinka, gara in faɗa maka, kana can cikin rana ni ina nan ina yanke abin da ya kamata mu yanke mu biyu. Na san ba ka da laifi. Na sa hannu a takardar kai Baba gidan tsofaffin yau da safe.

Sun ce layi zai buɗe jibi Alhamis. Abin da ya fi ci min rai shi ne Baba yana can cikin masu haƙar yanzu haka. Ya ƙi zama, Mista Haldane kuma ya ce tunda babu abin da ke motsi a layin, a bar shi. Merv ya ɗaura masa igiya a ƙugu, ya ce masa sabuwar doka ce ga kowa, ya ɗaura wa kansa ɗaya bakin. Daga tagar nan ina hango shi, yana yanka ƙanƙara tubali tubali yana jefawa sama yadda ya koya muku, yana yi wa samarin ƙasa tsiya, wai da cokali suke haƙa. Rabon da in ga ya ci abinci kamar jiya tun Mama tana da rai. Ya fi kowa ƙwazo, Yaya, kuma bai san hanyar wa yake buɗewa ba. Merv ya ce mu gaya masa babban ofis ne ke kiransa. Ban yarda ba, ban kuma ƙi ba, na dai goge masa farar rigarsa na sa a akwati. Ba na neman shawararka, domin wannan takarda jirgi ɗaya za su hau da shi, kafin ka buɗe ta an gama komai. Roƙona kawai ka rubuta masa da manyan baƙi, kuma in da hali ka zo da Kirsimeti, ko da ba zai gane ka ba.

Ka gaida min Beryl da kyau, ka ce na gode da ulun da ta aiko. Ka gaida Ross da Heather, da Gwaggo Ina in kun leƙa Toowoomba, amma kada ka gaya mata tukuna, ni zan rubuta mata. Merv yana gaishe ka. Da rana da Baba ya shigo shan shayi na ce masa ina yi maka takarda, ko yana da saƙo. Ya ce in ja maka kunne ka daina wasa a kan layi, domin ya kusa gama aiki, kuma jirgi na zuwa ranar Alhamis.

Taka ƙanwa har kullum,
Noeline.