Ni Na Zare Kebul Ɗin

Zuwa ga Yaya Bulus,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya zaman bariki? Ya Anti Rahila da jariri? Mu nan Zuru lafiya, sai dai gidan ba daɗi tun da aka sace babur ɗin Baba.

Yaya, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni na zare kebul ɗin.

Ka san na'urar intanet ɗin da ka haɗa mana kafa biyu gare ta, ɗaya ta kwamfutar da muke buga gem da kai, ɗaya ta kwamfutar falo mai ajiye hotunan kyamarar ƙofa. Ran Lahadin nan na ce kaina na ciwo, ban je coci ba. Gaskiya littafin soyayya nake son ƙarasawa a laftof ɗin ƙawata. Ta gem tana sauke wasan da ka ce kada in katse, sai na zare kebul ɗin ta falo na sa wa laftof ɗin.

Ina ɗaki ina yi wa mutanen littafi kuka, aka tura babur daga zaure. Kyamara ba ta ajiye komai ba.

Yanzu a ƙafa Baba yake zuwa gonar Dabai. Kullum sai ya ce, "Aikin Bulus ke nan, ado ba amfani." Ni kuwa in sunkuyar da kai.

Ka yafe mini, ka sa ni a addu'a. Ka gaida Anti. Sau uku ina yaga wasiƙar nan, wannan kam ba zan yaga ba. Ga Baba can tsakar gida yana gasa ƙafafunsa da ruwan ɗumi. Shi zan fara miƙa wa.

Ƙanwarka,
Ladi