Wai sai Inna ta tsallake yarinyar

A tsaye nake rubuta wannan a zauren gidanmu a Gure, ko jakata ban ajiye ba tun da na sauko daga kar ɗin Damagaram, wato motar haya, ga mata can cike a ƙofar maƙwabta suna leƙen gidanmu kamar an yi gobara. Salamu alaikum ƴan gida. Admin don girman Allah ka sa min wannan yanzu, kar ka bari sai gobe, kuma ka cire sunana. Shawararku nake roƙo kafin la'asar, in la'asar ta wuce ba ta da sauran amfani a gare ni.

Ni ƴar Gure ce amma a Damagaram nake aiki, a wani butik na sayar da waya. Ina da ƙane, bari in ce da shi Bukar ko da yake ba shi ne sunanshi ba, yana karatun anformatik, wato ilimin kwamfuta, a Yamai. Da hutun bara ya zo gida ya ce shi wasan waya zai haɗa da Hausa, irin wanda babu gudu babu harbi, hoto ne kawai a gabanka kana danna kaya ɗaya bayan ɗaya, ka danna tulu ka ga abin da ke ciki, ka ɗaga tabarma ka sami makulli, ka kai makullin ga akwati, a haka har ka gano sirrin. Ya sa mishi suna Rijiyar Kwari. Labarin wai yara ne ke ɓacewa a wata garka cikin kwari, kuma duk magariba sai a ji muryar wata mata daga wajen rijiya tana kira, a wasan sunanta Mai Kira, kai kuma aikinka ka gano wace ce da abin da take yi da yaran.

To shi Bukar bai iya zane ba, sai ya bi gida da waya yana ɗaukar hoto. Garkar marigayi Babanmu da dabinanta ita ce garkar wasan. Kaskon ƙosan Inna yana ciki, don mahaifiyarmu ƙosai take soyawa a bakin tasha tun rasuwar Baba, duk Gure an san ta. Zanenta mai ruwan ƙasa da ta shanya a igiya, shi ya ɗauka ya ɗaura wa inuwar Mai Kira. Sai murya. Inna tana da wata ɗabi'a, ba ta iya ganin yaro a waje da magariba, nata ko na wani, sai ta tsaya a ƙofa tana "are, are", wato zo, zo da Barbarci, tana jero sunayen yaran kartiye, wato unguwarmu, ɗaya ɗaya har sai kowa ya shige gidansu. Bukar ya ɗora waya a kan katanga ya ɗauki wannan kiran bai gaya mata ba, ya ja muryar ta yi nauyi, ya sa mata amo kamar daga ƙasan rijiya take fitowa. Sunayen yaran kuma bai yanke ba. Ya bar su yadda suke, sunayen ƴaƴan mutane na gaskiya, kuma ku kun san yadda aka rene mu, ba a amsa kira in ba ka ga mai kiran ba.

Ni na buga wasan har ƙarshe a wayata, kuma wallahi kuka na yi. Don a ƙarshe za ka gano Mai Kira ba ta taɓa ɗan kowa ba, bakin rijiyar ne ya zube mai garka ya rufe da zana ya yi shiru, ita kuma ta mutu ne tana ƙoƙarin ciro wani yaro, shi ya sa har bayan ranta take kiran yara su bar wajen. Har ya rubuta a allon ƙarshe wai ga uwar da ba ta bar ɗan kowa a waje ba. Na kira shi na ce ka yi abin kirki, ka girmama Inna.

Matsalar, ni wayata babba ce. A Gure kuwa wasan ta bulutut ya bi gari daga hannu zuwa hannu, a ƙananan wayoyi masu ƙaramin memuwa, kuma a irin waɗannan wayoyin wasan ba ya wuce rabi. Daidai inda za ka danna guga, inuwar mai zanen ta taso, muryar ta fara kira, nan waya ke ƙamewa. Allo ya tsaya cak, muryar kuma ta yi ta maimaita sunayen ba tsayawa sai ka kashe wayar da ƙarfi. Duk ƴan Gure nan suka tsaya. Babu wanda ya ga ƙarshe, abin da suka gani kawai zanen Inna a bakin rijiya tana kiran ƴaƴansu da suna, waya ta ƙi mutuwa.

Akwai grup da Bukar ya buɗe na masu buga wasan. Da fari abin dariya ne, wani ya ce wasan na shan batiri kamar raƙumi ya sami tafki, wata ta yi ta tambayar ina makullin akwati har aka gaji aka gaya mata, wani daga Maraɗi ya ce muryar nan ta sa ya yi alwala bai shirya ba, a gaishe da ƴar wasan da ta yi ta. Sai wani ɗan kartiyenmu ya amsa mishi, "Wace ƴar wasa? Mai ƙosan tasha ce, ga kaskonta nan, ni da ƙosanshi aka yaye ni." Daga nan aka ɓalle. "Ashe shi ya sa ƙosanta ke da daɗi, ku tambayi man da take suya da shi." "Ni tun da na fara cin ƙosan nan nake ramewa, ina ta zargin aure." "Ku duba idonta da kyau, ja wur." Idon da hayaƙin itace ya cinye tana neman abin da za mu ci. Wani ya je tasha ya ɗauke ta hoto tana tsame ƙosai ya mai da shi sitika ya rubuta ARE a ƙasa, yanzu in mutum ya yi shiru a grup ita ake tura mishi. Wanda ya fi ƙona min rai wani ne da muka yi lakwal, wato makaranta, tare, ya sha cin tuwo a gidanmu, ya yi bokal, saƙon murya, yana dariya wai, "Wasa tauraro biyar, amma ba Bukar ya haɗa shi ba, uwar ce ta shiga ciki da kanta, in ba haka ba me ke kama waya?" Ya faɗa da wasa, amma bokal ɗin ya fita daga grup ya shiga wayoyin iyaye mata, su kuwa ba da wasa suka ji shi ba.

Inna ba ta da babbar waya, ba ta san komai ba. Ta dai ga ƙosai na kwana. Ta ɗauka wake ne ba kyau ta canja mai wake, ta ɗauka mai ne ta canja mai. Ta kira ni tana tambaya ko ƴan birni sun fito da wani sabon salon suya ne in koya mata. Ta fara rabar da ragowar sadaka, sai ta ga yaro ya miƙo hannu uwarshi ta fizge shi ta tofa mishi addu'a a ka a gabanta. Da magariba ta fito kira kamar kullum, aka rufe ƙofofi tun kafin ta kai suna na biyu. Ni kuma na yi ta ce mata kasuwa ce, za ta dawo, don ban san ta inda zan fara ba.

Na yi ƙoƙari. Na ɗauki bidiyon ƙarshen wasan daga wayata na tura grup na ce ku kalla, matar nan ceton yara take. Aka ce montaj ne, wai haɗa shi na yi. Aka ce me ya sa sai a wayar ƴarta kaɗai wasan ke wucewa, ashe ya san jininshi. Wata ta rubuta, "Kura ta aiko ƴarta shaida." Aka cire ni daga grup ɗin da ƙanena ya buɗe. Na kira Bukar, wai in kwantar da hankalina, ƙauyanci ne kawai, zai gyara wasan ya rage mishi nauyi ya sake turowa bayan ya gama egizame, wato jarrabawa, kuma wai ban ga yadda wasan ya yi tashe ba, har daga Kano ana nemanshi. Na ce uwarka ce fa ta yi tashen. Ya ce ba zai iya janye shi ba ko ya so, ya riga ya shiga wayoyin mutane. Wannan kam gaskiya ya faɗa, ita ce kaɗai gaskiyar da ta fito bakinshi. Na zage shi zagin da ban taɓa yi wa kowa ba, ya kashe waya, har yanzu a kashe take.

Abin da ya taso ni daga aiki yau shi ne Zara. Ƴar maƙwabtanmu ce, katanga ɗaya, ba ta daɗe da shiga lakwal ba, kuma sunanta ne na fari a cikin kiran, don ita Inna ke fara kira kullum saboda ta fi kowa yawo. Ta sha kallon wasan a wayar yayarta. Shekaranjiya masassara ta kama ta, jiki zafi kamar garwashi, jiya ta fara fizge-fizge tana cewa Mai Kira na kiranta, a ce mata ta bari. Ni na san wannan palu ne, zazzaɓin cizon sauro, ya hau kai, damina ce, sauro ko'ina. Amma kakarta ta ce yarinya ta ambaci wadda ta kama ta, magana ta ƙare. Ubanta ya rantse ba za a kai ta likita ba sai an mai do mata da kurwarta, wai in an yi wa wanda aka kama allura tafiya yake. Abin da suke so, bayan la'asar Inna ta je tsakar gidansu a gaban mutane ta tsallake Zara, ta kuskure baki ta ba ta ruwan ta sha, yadda ake sa wadda ake zargi da maita ta saki wanda ta kama. Sun ce in ta yi, a take za su ɗauke ta a moto, wato babur, zuwa likita. Liman ya je ya ce musu su ji tsoron Allah, wannan ƙazafi ne, suka ce to Malam, yana fita suka ci gaba da shimfiɗa tabarma. Mai unguwa ya ce shi dai a yi abin da zai kawo zaman lafiya, kun san ma'anar wannan.

Ku duba inda aka saka mu. In Inna ta tsallake aka kai Zara likita ta warke, an tabbatar ke nan, mayya ta saki. In ta tsallake Allah ya yi ikonshi, za a ce ta ƙi saki. In ta ƙi zuwa yarinya ta mutu a kan tabarma, ita ta cinye ta, kuma ban san ko gidan nan zai kwana da rufi ba. Sannan kun san abin da ake cewa, maita a nono ake shan ta. Ranar da ta ɗaga ƙafa a kan yarinyar nan ba ita kaɗai aka yi wa suna ba, har ni, har ƴaƴan da ban haifa ba, ba mai sake cin abincin hannunmu a garin nan. Kuma na san wayoyi za su tashi sama, kafin magariba bidiyon yana grup da tauraro biyar. Na yi tunanin in tafi jandarmeri a zo a ɗauki yarinyar da ƙarfi, amma in ta cika a hannunsu fa? Sai a ce mun haɗa maita da hukuma.

Da na shigo ɗazu na zaunar da Inna na gaya mata komai, na kunna mata wasan. Ta saurari muryarta tana fitowa daga rijiya, sai ta ce, "Haka nake da muni a kunnen mutane?" Na ce a'a Inna, Bukar ne ya ja muryar. Na nuna mata ƙarshen da abin da ya rubuta, ta ce Allah ya yi mishi albarka, yaro ne. Ban so ta faɗi haka ba wallahi, na so ta tsine mishi ko sau ɗaya. Na ce ba za ki je ba, ki haɗa kaya mu tafi Damagaram yau. Ta ce ita ta yanke wa Zara cibiya, ita ta yi wa uwarta wankan jego, kuma tana jin numfashin yarinyar ta katanga tun asuba, ya fara canjawa. Ta ce, "In ƙafata ce kuɗin motar likita, ai da arha. Suna kuma na ga alama sun riga sun ba ni."

Yanzu haka ta yi wanka ta ɗaura zanenta na Salla, wai kar ta je gidan mutane da warin mai. Ta leƙo zaure ta same ni ina danna waya, ta ce, "Ke da kika yi boko, da wace ƙafa ake farawa, dama ko hagu? Ni ban taɓa ganin ana yi ba, kar in yi ba daidai ba su ce da gangan ne."

Ƙofar gidan ɗaya ce kuma ni ke tsaye a bakinta. Ƴan gida, in ku ne, za ku tare ƙofar nan ku hana uwarku fita kuna jin numfashin yarinyar ta katanga, ko za ku riƙe mata hannu ku raka ta ta tsallake?