Sunan da Ke Kan Inji na Uku

Gumel, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Kawu Badamasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Inna tana gaida ƙaninta, ta ce ƙafar da sauƙi. Na rubuto ne saboda na san waya ba ta yi maka, kunnen ba ya ɗauka.

Kawu, 'yan jari-bola sun sayi ƙarafan tsohon gidan gurzar audugar nan na hanyar Gagarawa, wata mai zuwa za su fara yanka. Ina da shekara huɗu gobara ta ci Baba a ciki, ban taɓa leƙa wurin ba. Har yau idan aka yi faɗa da 'ya'yana a unguwa, sai an ce musu jikokin Usaini mai taba, wanda ya ƙona wa gari abinci. Ina so in ga wurin kafin a share shi. Tare kuka yi aiki da shi, ka zo ka raka ni.

'Yarka,
Hannatu

Maigatari, 10 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Hannatu,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso ta hannun direba. Allah ya ƙara wa Yaya lafiya.

Kada ki je. Kwanon rufin ya ruɓe, macizai sun yi gida, ba wurin matar aure ba ne. Me za ki gani? In labari kike so, ga shi. Ƙarfe bakwai jiniya take busawa, garin duka da ita yake tashi. Lokacin kaka motoci kan yi layi tun daga bakin sikeli har titi, manoman Sule Tankarkar suna kwana biyu kan kayansu. Mata na tsince datti daga auduga suna waƙa, mu kuma muna gindin inji, mu fito fari fat har gashin ido. Masu kiwo na jiran angurya a ƙofa. Ƙarar injin nan ce ta cinye mini kunne. Iyakar abin ke nan.

Wa ya tayar miki da wannan magana? Akwai wanda ya ce miki wani abu ne? Ki sanar da ni sunansa. Kuma kada ki dami Yaya da tambaya, ta tsufa.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki, Badamasi

Gumel, 17 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa. Ba wanda ya ce mini komai kafin takardarka. Ita ce ta sa na kasa zama. Ban ambaci kowa ba, me ya sa kake neman suna?

Na je ranar Asabar, maigidana Yazid ya kai ni. Ba mu ga maciji ba, sai awaki da kashin jemage. Sikelin yana nan, ƙaya ta fito ta tsakiyarsa. A babban ɗakin injuna biyar ne a jere. Huɗu tsatsa kawai suka yi. Na uku ya lanƙwashe, bangon bayansa baƙi ƙirin har sama. Tun ina yarinya ake ce mini na ukun na Baba ne.

A bayan kowane inji an zana sunan mai riƙe da shi a jikin siminti. Na sami sunan Baba a bayan na biyar, can kusa da ƙofa, inda wuta ba ta kai ba. Yazid ya goge baƙin da ke bayan na uku da tsumma. Sunanka ne, Kawu.

Muna fitowa muka tarar da mai awakin, wata tsohuwa, Talatu. Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar Usaini ce, ga goshin nan." Ta ce tana cikin mata bakwai da wuta ta rutsa a sito, Baba ne ya ɓalle taga ya fitar da su ɗaya bayan ɗaya, ya koma duba ko da saura, rufin ya faɗo. Na ce, "To tabar fa?" Ta ce, "Wace taba? Mutumin da ko ashana ba ya bari a shiga da ita? Mun faɗa, wa zai ji ta matan tsinta?" Ta ce ranar Alhamis ce, kuma duk yinin ba ta gan ka ba.

Ina kake ranar? Me ya kai Baba injinka? Ban gaya wa Inna ba tukuna. Mako ɗaya zan jira.

Hannatu

Maigatari, 23 ga Afrilu

Zuwa ga Hannatu,

Bayan sallama. Sau uku ina fara wannan takarda ina yagawa.

Talatu gaskiya ta faɗa. Injina ne. Kwana uku yana zafi, wani ƙarfe a cikinsa na gogar wani, har tartsatsi na gani. Ni na yi sakacin sa masa giris, na ji tsoron in faɗa wa heluma, shugabanmu na aiki, a kore ni. Ranar Alhamis ina son zuwa kasuwar Maigatari sayen ragon sunan ɗana na fari, na roƙi babanki ya tsaya mini. Injinsa ba ya aiki ranar, ya ce in tafi. Ban gaya masa komai game da zafin ba. Na ce a raina zai kai gobe.

Da la'asar na dawo riƙe da igiyar rago, na hango hayaƙi tun daga nesa.

Washegari manaja ya tara mu. Ba ya son masu kamfani su ji cewa injin ba gyara, sai ya ce taba ce. Ya dube ni ya ce, "Ko ba haka ba, Badamasi?" Na ce haka ne. Kalma biyu ke nan. Da kamfanin ya rufe bayan shekara biyu, mutane suka ɗora wa mamaci laifin, ni kuma na tattara na dawo nan.

Ki yi yadda kika ga dama da ni. Amma Yaya, don Allah, ki bar ta ta mutu ba ta sani ba.

Badamasi

Gumel, 26 ga Afrilu

Kawu,

Na karanta wa Inna takardarka, duka. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ta san Baba kai ya tsaya wa, don da safen ya gaya mata. Ta yi shiru shekara talatin da biyar saboda ba ta iya rasa miji da ƙani a mako ɗaya. Zancen zafin injin ne ba ta sani ba. Tun jiya ba ta ci abinci ba.

Ba ni kaɗai zan yafe ba, kuma ban shirya ba. Tsofaffin ma'aikata huɗu suka rage a garin nan, suna zama a ƙofar gidan heluma bayan sallar Juma'a. Ka zo ka faɗa musu abin da ka rubuto mini, da bakinka, da ƙarfi. Ni da 'ya'yana za mu kasance a zaure muna ji.

Inna ta ce in ka gama da su, ka shigo wurinta. In ba ka je can ba, kada ka shigo.

Wassalam,
Hannatu Usaini